Cajar dala ɗari da batirin da ba shi da uba: wa ke biyan sauran kuɗin?

(Jawabin da aka gabatar a zaman tattaunawa da matasa a unguwar Wadata, Yamai)



Yau maganar caja da batirin salula za mu yi. Na san wani zai ce a ransa: ga tsadar shinkafa, ga rashin aiki, ga matsalar tsaro, sai a tara mu a kan caja? To ku ba ni aron kunne. Wannan ɗan abin da muke rainawa, shi kaɗai ne kayan kuran da muke kwana da shi a kan katifa, muke ba yaro ya riƙe, muke karawa a kunne alhali yana haɗe da wutar bango. Kuma shi ne abin da muke saye ido rufe, ba tambaya, ba resi, ba wanda za a koma wa in ya yi ɓarna.

Kowa a nan ya san yadda cinikin yake. Ka fito daga tashar Wadata ko ka ratsa kasuwa, ga masu tebur, ga yara da kaya rataye a allo, caja kala-kala, batiri cikin leda mai ƙyalli. Ka tambaya, a ce maka akwai ta dala ɗari, akwai ta jika guda, akwai “orijinal” ta jika uku ko huɗu. Duk fari ne, duk da suna iri ɗaya a jiki. Sai ka duba aljihu, ka ɗauki ta dala ɗari. Ni ban zo in zagi kowa a kan haka ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 a wata, kuma mafi yawanmu ko wannan ɗin ba su da tabbacinsa, wanda ya zaɓi araha lissafi ya yi. Abin da nake so mu duba shi ne ko lissafin nan ya cika.

Bari mu buɗe cajar mu ga cikinta.

Wutar da NIGELEC ke kawowa bango bolt 220 ce. Salularka kuwa bolt 5 take buƙata, in ba mai saurin caji ba ce. Aikin caja shi ne ta sauko da wutar, ta tace ta, sannan ta gina katanga tsakanin ɓangaren da ke kisa da ɓangaren da hannunka ke taɓawa. Katangar nan ba ta wuce tazarar ƴan milimita a kan allon ciki ba, da wani rufi siriri da ke naɗe a ƙaramar taransifoma. A caja ta kirki akwai kuma fiyus da zai tsinke in wuta ta yi yawa, da abin da ke tsayar da ita in ta yi zafi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗi ne. Wanda yake so ya ƙera cajar da za ta baro Sin, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Lome, ta ratso Burkina a mota, dillali ya ci, mai tebur ya ci, kuma a sayar maka dala ɗari, daga ina kuke jin zai rage? Ba zai rage farin robar waje ba, don ita kake gani. Abin da ba ka gani shi zai cire.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2016 hukumar kula da ingancin kayan kasuwa ta Ingila ta bayyana sakamakon gwajin da aka yi wa cajojin jabu guda 400 masu ɗauke da sunan Apple, waɗanda aka sayo ta intanet daga ƙasashe dabam-dabam. Guda 3 kacal aka samu da isasshen rufin da zai kare mutum daga jan wuta. Uku cikin ɗari huɗu. Kafin nan, a 2013, wata matashiya a ƙasar Sin ta rasu bayan wuta ta ja ta tana amsa kira salula na caji, aka danganta abin da cajar da ba ta kamfani ba. Maganar ta yi ƙarfi har kamfanin Apple ya buɗe shiri na karɓar cajojin da ba nasa ba yana ba da nasa a kan dalar Amurka 10. Can ke nan, inda ake bincike in abu ya faru. Mu nan in wuta ta ja mutum ko ɗaki ya kama, sai mu ce ƙaddara, mu yi jaje, mu watse. Ƙaddara gaskiya ce, amma addininmu bai hana mu tambayar sanadi ba.

Ko ba ta yi kisa ba, cajar banza tana da alamomi da kowa ya taɓa gani. Ka sa salula caji, gilashin ya riƙa danna kansa, kana rubuta saƙo yana buɗe wani abu: wutar da ba a tace ba ce ke shiga. Ka ji ɗan tsiri-tsiri a yatsa in ka taɓa ƙarfen bakin waya: katangar nan ce ke yoyo. Ka ji tana ƙara siririya kamar sauro, ko ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta. Masu gyara suna nan, su faɗa in ƙarya nake: salula nawa ake kawo muku da abin cajinta na ciki ya ƙone, mai ita ya rantse bai yar da ita ba, bai jiƙa ta ba? Ita ma wayar cajin haka take. Ta kirki tagulla ce a ciki. Ta araha, silin ƙarfe ne ƙalilan, wani lokaci sanholo aka shafa wa tagulla a kai, shi ya sa take ɗumi, cajin yake jan ƙafa, wata biyu ta karye a wuya.

Yanzu mu zo kan batiri, don shi ne ya fi haɗari.

Batirin da ke cikin salulolinmu na sinadarin litiyam ne. Kamfanin Sony ya fara fitar da irinsa kasuwa a 1991, kuma masana uku da suka yi aikin gano shi sun samu kyautar Nobel a 2019. Abin mamaki ne ƙwarai: wuta mai yawa a wuri ƙarami. Amma tsarinsa kamar maƙwabta biyu ne masu gaba da aka raba da labule. Akwai falle biyu a naɗe, tsakaninsu wata leda da ta fi gashin kai siranta, duka suna jiƙe da wani ruwa mai kama wuta. Muddin labulen yana nan, lafiya lau. Ranar da ya huje, ko don an matse batirin, ko an cika shi fiye da kima, ko an bar ƙurar ƙarfe a ciki tun daga masana'anta, sai fallayen su haɗu, zafi ya tashi, zafin ya haifi wani zafin, cikin daƙiƙoƙi sai hayaƙi da wuta. Shi ya sa batirin kirki yake da ɗan allo a kansa mai yanke caji in ya cika, wajen bolt 4.2 ko sama kaɗan, ya kuma yanke in ya yi ƙasa sosai. A na jabu, allon nan ko dai na jeka-na-yi-ka ne, ko babu shi sam.

Akwai kuma ƙaryar lamba. Ku ɗauki batirin nan da kowa ya sani, BL-5C, na ƙananan salula, wanda har rediyo da fitila ake sa wa. Na ainihi ƙarfinsa wajen 1,000 mAh ne. In ka ga mai girmansa daidai an rubuta masa ninki biyu ko uku, tawada ce kawai. Buhu mai cin tiya ashirin ba ya cin sittin don an sake masa rubutu. Wasu kuma tsofaffin batira ne da aka ciro daga matattun saluloli, aka sake musu riga. Batiri yana da adadin cikawa da saukewa da zai yi, ɗaruruwa ne, daga nan ƙarfinsa ya fara ja da baya. In an sayar maka wanda ya riga ya cinye kwanakinsa, sati uku za ka ga caji ba ya kai la'asar. Haka ma abin ajiyar cajin nan da muke yawo da shi a aljihu: an sha buɗe na jabu a tarar da batiri ɗaya na gaske, sauran kwanso ne cike da yashi don nauyi.

To wani zai ce: ai manyan kamfanoni ma nasu na fashewa. Gaskiya ne, kuma ina so ku riƙe wannan da kyau. A 2007 kamfanin Nokia ya sanar zai musanya batiran BL-5C miliyan 46 da kamfanin Matsushita na Japan ya ƙera masa, saboda an samu rahoton kusan guda 100 da suka yi zafi fiye da kima lokacin caji. A 2016 Samsung ya janye Galaxy Note 7 kimanin miliyan biyu da rabi, kamfanonin jiragen sama suka hana shiga da ita, a ƙarshe ya daina ƙera ta baki ɗaya, ya yi asarar biliyoyin dala. Kun ga bambancin? Guda ɗari sun yi zafi, an janye miliyan 46, don akwai suna a jiki, akwai adireshi, akwai hukumar da za ta kama wuyan mai shi. Batirin da aka saya a bakin tasha, in ya ƙone maka katifa, wa za ka kama? Yaron da ya sayar maka bai san wanda ya ƙera ba. Wanda ya sara masa a Babbar Kasuwa shi ma kwali ya sayo. Kaya ne da ba shi da uba. Arahar da ka samu, kuɗin alhakin ne aka cire maka, aka ɗora maka alhakin a ka.

Sannan mu a Yamai muna da abu biyu da ke ƙara tsananta lamarin. Na farko zafi. Masu ƙera batiri suna cewa kada a yi masa caji in zafinsa ya haura digiri 45. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu iskar gari kanta tana haura 40, balle ɗakin kwano da rana tsaka, balle salular da aka bari a gaban mota ko a aljihun babur. Kayan da aka ƙera da kyau ma wahala yake sha a nan, ina ga wanda aka ƙera da ha'inci. Na biyu yanayin kuran. Duk mun tuna watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan takunkumin CEDEAO, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can take zuwa. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafi, amma har yau in bazara ta yi, ɗauke wuta sai abin da ya ƙaru. Me hakan ke jawowa? Kowa ya bar caja a soke yana jiran a kawo wuta. Ta dawo da ƙarfi tsakar dare, mutane na barci, salula biyar a kan soket ɗaya, wata a ƙarƙashin matashin kai. Cajar da ba ta da fiyus, a irin wannan daren ake gane ta.

Yanzu mu yi lissafin aljihu, tunda da shi muka fara. Mu ƙaddara ka sayi ta dala ɗari, ta yi wata biyu ta mutu. A shekara ka sayi shida, jika uku ke nan, kuɗin ta kirki guda ɗaya da za ta iya kai ka shekara biyu ko fi. Wannan in ta mutu ita kaɗai. In ta tafi da salular fa? Salular da ɗan kabu-kabu ke karɓar kiran fasinja da ita, wadda mai sayar da turare ke tallar kayanta a WhatsApp da ita, wadda ake kiranka a ce an turo kuɗi ta Nita ko Amana, wadda ɗalibi ke karanta darasi a ciki. Ka tara jika arba'in ko hamsin da kyar ka sayi Tecno ko Itel, sannan ka miƙa ranta ga abin dala ɗari. Hausawa suka ce araha ba ta ado. Ni na ƙara da cewa talaka ne ke sayen abu sau shida, mai kuɗi ya saya sau ɗaya.

Amma nan ma akwai tarko, kuma dole in faɗa. Tsada ba shaida ba ce. Ana iya sayar maka da jabu a farashin na ainihi, ka yi asara biyu. Tambarin CE da kuke gani a jiki, duk mai injin buga rubutu zai iya buga shi. Nauyi ma ba hujja ba ne, don wasu suna liƙa guntun ƙarfe a ciki. Ciniki ne na biri a sama. Shi ya sa nake cewa wannan magana ta fi ƙarfin wayon mai saye shi kaɗai.

Duk da haka akwai abin da ke hannunmu tun daga daren yau. Ka sayi caja da batiri wurin mai shago tsayayye, wanda gobe za ka same shi, ka ce ya gwada a gabanka, ya rubuta maka resi ko da a guntun takarda ne, ku yi magana a kan musanya in ta lalace cikin kwanaki kaza. Wanda ya ƙi, ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa. Ka duba rubutun jiki: in ba sunan kamfani, ko an rubuta sunan da kuskuren harafi, ajiye. Kada ka yi caji a kan katifa, ko ƙarƙashin matashi, ko kusa da gidan sauro. Ɗora ta a kan siminti ko tebur, a inuwa. Kada ka kara salula a kunne tana caji, musamman da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmi. Ƴan'uwana mata, a kula da yara masu sa bakin waya a baki alhali tana soke a bango. In batiri ya kumbura, bayan salula ya ɗago, ya gama aiki. Kar a huda shi da allura wai iska ta fita, kar a danne shi da dutse, kar a ɗaure da roba a ci gaba. In kuwa ya fara hayaƙi, a yanke wuta tukuna, a fitar da yara, kar a shaƙi hayaƙin, a rufe shi da yashi in ana iyawa daga nesa, in wuta ta kama kaya a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ga masu gyara da ƴan kasuwarmu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba mu ce ku daina neman halak ɗinku ba. Abin da muke roƙo ɗaya ne: ku kira kowane kaya da sunansa. In na biyu ne, ku ce na biyu ne; in tsohon batiri ne, ku faɗa. Ka karɓi kuɗin sabo ka sa wa mutum tsoho a cikin salular da ba ya iya buɗewa, wannan algus ne, daidai yake da tauye mudu. Mai gyaran da aka san shi da gaskiya a unguwa, ba ya rasa ciniki.

Sai babbar maganar, wadda ta sa muka kira wannan zama. Ƙasar nan tana da doka tun 2015 a kan kare haƙƙin masu saye. Muna da ANMC, hukumar da aka ɗora wa aikin ƙa'idojin inganci da awo. Muna da ARCEP mai kula da harkar sadarwa. Muna da duwan a kan iyaka, muna da ma'aikatar kasuwanci, muna da ƙungiyoyi irin su ADDC-Wadata da suka daɗe suna fafutukar masu saye. Tambayar da ya kamata mu riƙa yi musu, cikin ladabi amma ba gajiyawa, ita ce: kwalin caja da ya shigo ƙasar nan, wa ya buɗe ɗaya ya gwada kafin ya iso hannun yaro a Wadata? Muna so a riƙa ɗiban samfuri ana gwadawa tun daga inda kaya ke shigowa, a bayyana sakamako a rediyo da Hausa da Zabarmanci. Muna so duk mai shigo da kaya ya sa sunansa a jikin kwali, domin kayan su samu uba. Muna so in gobara ta tashi a rubuta sanadinta a faɗa wa jama'a. Kuma in za a yi kame, a fara daga mai kwantena. Ƙwace allon yaro mai talla a bar wanda ya cika sito da kayan, zalunci ne kuma ba ya maganin komai. Tarayyar Turai ta tilasta wa duk kamfanonin salula, har da Apple, amfani da bakin caja iri ɗaya, USB-C, daga ƙarshen 2024, don rage shara da asarar masu saye. Kasuwarmu ba ta kai tasu ba, amma ƙofar shigowa tamu ce, mu ke da ikon cewa ga abin da zai wuce.

Abu na ƙarshe: ina matattun suke zuwa? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma a Afirka abin da ake tattarawa a sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Namu a bola suke ƙarewa, a cinna musu wuta tare da leda, almajirai da ƙannenmu na tsintar ƙarfe a cikin hayaƙin. Damina ta zo, ruwa ya kwashi saura ta kwalbatoci da Gunti Yena zuwa kogin Isa, inda muke sha, muke ban ruwan lambu. Ƙasashen Afirka sun sa hannu a yarjejeniyar Bamako a 1991 don hana a mayar da nahiyar juji na shara mai guba. Kayan da aka ƙera don ya mutu cikin wata biyu, ai shara ce da ta shigo da rigar sabon kaya, kuma mu muka biya kuɗin motarta.

Don haka ga abin da nake ba da shawara mu fara da shi, mu da ke nan. Kowace fada ta ajiye tsohon gwangwani da yashi a ciki, a inuwa, nesa da murhun shayi, a riƙa tara matattun batira, kowanne an liƙe bakinsa da salatif. Mu riƙa ɗaukar hoton duk cajar da ta ƙone da duk batirin da ya kumbura, mu rubuta rana da unguwa. In mun tara na wata uku, mu ɗauka mu kai wa magajin gari da hukumomin da na ambata, mu ce ga shaida, ina wurin zubarwa, ina gwaji? Baki ɗaya ana iya share shi. Gwangwani hamsin daga unguwanni hamsin a ƙofar ofis, dole a fito a yi magana.

Masu gyara da ke cikinmu sun zo da caja biyu a buɗe, ta kirki da ta jabu. In mun tashi, kowa ya matso ya gani da idonsa, ya ɗauki hoto ya nuna a gida. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara, ya sa albarka a nemanmu.